Shafin da Na Naɗe Kifi da Shi

Da sassafe a kasuwar kifi ta Buceo,
masunta ba su gama sauke kaya ba,
na zaro shafi daga tarin tsofaffin jaridu
zan naɗe wa Doña Zulma kifi biyu,
sai ga Eleuterio Bentancor yana kallona,
furfura har gira, jita a cinya.
Na ce mata ta ɗan dakata.
Na karanta a tsaye, da ƙarni a yatsuna.

Wani Fermín Larrosa ne ya rubuta.
Ya ɗora shekara hamsin da ɗaya a sikeli
kamar yadda nake ɗora kifi,
sai dai ni ba na danna babban yatsa
in mai saye ya waiwaya.

Ya ce faifai goma sha tara, uku ne na kirki.
Ya ce wanda aka cika da gangar lantarki
ko kare ba zai yi haushi a kansa ba.
To, nan ban musa ba.
Na saye shi da kuɗin kwana huɗu,
yanzu a kansa nake ajiye butar shayi.
Ya tono waƙar tallan kamfanin inshora,
ya ce ranar ce dattijo ya sayar da bakinsa.
Gaskiya ɗaci gare ta. Na haɗiye.

Amma da ya zo kan waƙar fitila
sai ya ce lalaci ne,
layi guda an maimaita shi sau tara,
wai marubucin ya rasa abin faɗa.

Yaro, a wace shekara aka haife ka?

Lokacin da aka ɗinke bakin Montevideo
motar da ba lamba ta tsaya a ƙofarmu,
ta tafi da yayana Wilmar da takalmi ƙafa ɗaya.
Uwarmu ta kunna fitilar baranda,
ba ta kashe ba sai bayan shekara tara.
Ko Eleuterio ya san da mu? Ban ce ba.
Na dai san in rediyo ya kai layin nan
uwarmu kan ajiye wuƙa da albasa
ta ƙirga tare da shi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
kai daga titi ka hango rufin
ka ce bai yi kyau ba.

Sai batun murya.
Ka ce ta tsage kamar tsohon kwano.
Ta tsage ɗin.
Na je na ji shi bara a wani zaure a La Teja,
kujerun roba, ruwa na ɗiga a bokiti,
ya manta baiti na biyu, ya tsaya yana kallon silin,
mu ɗari da wani abu muka ɗauka muka kai masa
har inda ya tuna.
Wannan a wane sikeli za ka ɗora?

Ga hukuncina, ni Delmira mai kifi:
cikin goma na ba ka huɗu,
da rabi don ka iya jera magana.
Kunnenka lafiya lau.
Ranar da aka yi abin ne ba ka nan.

Doña Zulma ta ƙwanƙwasa tebur.
Ta leƙa hoton, ta taɓe baki,
ta ce mutumin nan har mijinta ya rasu
bai biya shi kuɗin gyaran mota ba,
amma a kunna mata waƙar fitila ranar jana'izarta.

Na yage hoton a hankali, na sa a aljihu.
Sauran shafin na naɗe kifin da shi.
Takarda ce mai kyau, ba ta yoyo.